In Annoba Ta Rufe Makaranta: Yadda Za a Riƙe Karatun Yara da Lafiyarsu a Gida

Malaman firamaren ƙauye ba su manta abin da suka tarar a 2020 ba. An rufe makarantu a watan Maris saboda korona, aka shafe fiye da wata shida kafin a buɗe. Yaron da ya tafi yana haɗa baƙi da wasali ya dawo yana kallon allo kamar yau ya fara ganinsa. Wasu ba su dawo ba sam: 'yan mata an ɗora musu talla, maza sun bi shanu ko sun shiga birni neman kuɗi. Korona ta lafa, amma annoba ba ta bar mu ba. An yi kwalara mai tsanani a 2021, Kano da Jigawa suna cikin inda ta fi ɓarna. Mashaƙo ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022. Sanƙarau yana leƙowa da zafin bazara, ƙyanda kuma ba ta rasa gidan shiga. Kowace daga cikinsu tana iya sa a rufe makaranta, ko ta zaunar da yaro a gida makonni.

Abin da ke riƙe karatun yaro a irin wannan lokaci ɗan kaɗan ne: awa ɗaya kowace rana, a lokaci sananne, da darasin da ya yi daidai da inda yaron yake. Ba ya bukatar kuɗi. Amma kafin a shimfiɗa tabarmar karatu sai an san da wace cuta ake fama.

Wace cuta ce, ta ina take shiga

Ku je asibitin da ke kusa, ko da sha-ka-tafi ne, ku tambayi ma'aikacin lafiya sunan cutar da hanyar da take bi. Amsarsa ce za ta nuna yadda zaman karatu zai kasance.

Kwalara ta baki take shiga, ta ruwa da abinci da hannun da ya taɓa bayan gida. Yara za su iya zama tabarma ɗaya su yi karatu, hatsarin yana wajen randa da kwanon ci da masai. Mashaƙo da ƙyanda da sanƙarau kuwa numfashi suke bi, ta tari da atishawa da yawu, kuma cunkoso a rufaffen ɗaki ne abincinsu. A nan karatu ya koma tsakar gida ko ƙarƙashin inuwar bishiya, kuma yaran gidan kaɗai za su zauna. Kuskuren da aka fi yi shi ne tausayi: a ce tunda an rufe makaranta bari yaran maƙwabta su taru a zauren wane a koya musu. An mayar da makarantar da aka rufe ke nan, a ɗakin da ya fi aji ƙunci. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma yaro yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu. Wato wanda kuke gani garau a zaure yana iya zama shi ke ɗauke da ita.

A ranar farko a fito da katin rigakafin kowane yaro. Allurar da ke kare mashaƙo ana yin ta sau uku, a mako 6 da 10 da 14 da haihuwa. Ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Wanda ya tsallake ko ɗaya a kai shi, kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma ko katin ya ɓata za a duba shi. In masu rigakafin gaggawa sun shigo gari a fito da yara duka, har manyan, don a lokacin annoba akan faɗaɗa shekarun da ake yi wa. Kada a kwashi yara a kai su gidan kaka a wani gari don gudun cuta, sau da yawa da ita ake tafiya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito a kan annoba ya hana shiga garin da take, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudunta.

Lokaci da mai koyarwa

Gidan ƙauye da salla yake auna yini, don haka a ɗaure karatu da ita. Bayan asuba a bar wa tilawa kamar yadda aka saba, yaro ya biya allonsa a gida, wanda ya sauke ko ya yi nisa a gidan ya saurare shi. Da hantsi, bayan an karya kuma an yi shara, a yi zaman boko na farko. Na biyu bayan la'asar. Ɗan shekara biyar zuwa bakwai minti goma sha biyar zuwa ashirin sun ishe shi a zama ɗaya, ɗan takwas zuwa sha biyu ya yi rabin awa. In aka wuce haka hankalinsa ya tafi, sai tsawa ta shigo, gobe kuma ya gudu. Da damina, lokacin da safiya ta gona ce, a mayar da zaman farko bayan azahar. Alhamis da Juma'a a sassauta, kamar yadda makarantar allo ta saba.

A naɗa mutum ɗaya a ce shi ne malami. Yawanci yaya ce da ke ƙaramar sakandare, ko amaryar gidan da ta yi karatu kafin aure, ko ɗan'uwan da ya dawo daga makarantar kwana. In aka bar abin a kan "duk wanda ya samu sarari" ba wanda zai samu. A rage wa wannan malami wani aikin, kamar ɗebo ruwa ko wanke-wanke, don in aka ɗora masa koyarwa a kan nauyin da yake da shi, cikin mako ɗaya zai gaji. Uwar da ba ta yi boko ba ita ma tana da babban aiki. Ita ce mai cewa lokaci ya yi, ita ce mai zama kusa tana tsince shinkafa ko saƙar hula, ita ce mai cewa "zo ka karanta mini abin da ka rubuta". Yaro yana ƙoƙari a gaban uwarsa ko da ba ta iya duba masa. Maigida kuma ya riƙa tambaya da daddare, "Yau me aka koya?" Tambayar nan kaɗai tana nuna wa gidan cewa abin ba wasa ba ne.

A nemo inda yaro yake

Kada a dogara da ajin da yaro yake. Ana samun ɗan aji biyar da bai iya karanta sunan garinsu ba, kuma in aka buɗe masa littafin aji biyar sai ya yi ta kallo, ya ɗauka shi daƙiƙi ne. Gwaji na minti biyar zai raba gardama. A rubuta gajeren labari na jimla huɗu da Hausa, misali: "Ladi ta je rijiya. Ta ɗebo ruwa a tulu. Akuya ta biyo ta. Ladi ta kore ta." In ya karanta ba tare da tuntuɓe fiye da biyu ko uku ba, a tambaye shi wa ya biyo Ladi, don a ga ko ya fahimta. In ya kasa, a sauko: a ba shi kalmomi biyar, kamar gida, tuwo, kaza, rana, buta. In ya kasa huɗu daga ciki, a sake saukowa a nuna masa haruffa goma a barbaje. Inda ya tsaya, nan za a fara. A yi gwajin shi kaɗai, ba a gaban ƙannensa ba.

Wanda yake matakin haruffa a fara masa da wasula biyar, a, e, i, o, u, har su zauna. Sannan a ɗauki baƙi ɗaya a aura masa su: ba, be, bi, bo, bu. Baƙi biyu ko uku a mako sun isa. Da zarar ya samu b da k da m, a haɗa masa kalma a ranar: baba, kaka, mama, baki, kuka. Wannan ne ke sa yaro ya gane amfanin wahalar da yake sha. A fara da Hausa tukuna, Turanci ya biyo baya. Rubutun Hausa yadda aka faɗa haka ake rubutawa, yaro yana iya kama shi cikin 'yan makonni, kuma wanda ya iya karanta harshensa ya fi saurin kama na wani. Waƙar "ei, bi, si" da ake rerawa a aji tana rikita mai fara Hausa, domin harafin da ya haddace da sunan "si" shi ne zai gani a farkon ciki da cokali. A koya masa sautin harafi, sunan ya zo daga baya.

Matsala ta biyu ita ce hadda. Yaranmu sun ƙware da ita, sai ka ji yaro yana zuba ba, be, bi, bo, bu kamar ruwa alhali idonsa yana kan kaji. Maganinta a yanka kwalin sukari ko na sabulu ƙanana-ƙanana, a rubuta gaɓa ɗaya a kowanne, a cakuɗa, a riƙa zaro masa ɗaya-ɗaya. In ya faɗa daidai ya riƙe katin, in ya kuskure ya koma cikin tari. Daga baya a zube masa su ya haɗa kalmomi da kansa: ga da ri su ba da gari, ri da ga su ba da riga. Yara suna son wannan juyin ƙwarai.

Haruffa masu ƙugiya a koyar da su bibbiyu da 'yan'uwansu don ya ji bambancin da kunnensa: kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, bari da ɓari, da da ɗa. Bayan su sai masu goyo, sh da ts da kw da gw da ƙy. A ƙarshe gaɓa mai rufe da baƙi, irin su gan-ga, kan-ti, tam-ba-ya, wadda nan ne da yawa suke maƙalewa. A sa shi ya tafa hannu a kowace gaɓa kafin ya rubuta. In yana juya b ta koma d, ba abin duka ba ne, ƙananan yara da yawa suna yi. A sa shi ya zana su manya a rairayi da yatsa yana faɗar sautin, a bar ɗaya ta zauna kafin a kawo ɗayar. Yaron da ya yi nisa a allo ya riga ya san cewa baƙi da wasali ne ke haifar da sauti, a nuna masa cewa fataha da kisira da rufu'a su ne a da i da u, zai yi saurin hayewa.

Wanda ya kai matakin labari kuma, abin da yake bukata abin karantawa ne, kuma shi ne ƙauye ya fi rasa. A ƙirƙira masa. Kaka ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da daddare, da safe babban yaro ya rubuta ta a takarda, ƙaramin ya karanta. Cikin wata ɗaya gidan ya tara ɗan littafinsa. Kowace rana ya rubuta layi biyar a kan abin da ya gani: abin da aka dafa, akuyar da ta haihu, wanda ya zo wucewa. Mai dubawa ya gyara kuskure biyu kawai a rana. In aka cika takarda da jan biro yaro zai daina rubutawa.

Kayan aiki duk suna gida. Rairayi da tsinke, gawayi da bayan tsohon kwali, takardar cikin buhun siminti, ragowar shafukan littattafan bara a ɗinke su da zare. A nemi wani katako dabam don boko da zane, allon Alƙur'ani a bar shi da darajarsa.

Lissafi da tsinke

A karyo tsinken tsintsiya ko siraran kara guda ɗari, a ɗaure su goma-goma da zare. Ɗauri ɗaya goma ne, tsinke ɗaya ɗaya ne. A ce wa yaro ya ajiye 34: ɗauri uku da tsinke huɗu. Sai ya iya wannan ba tunani kafin a shiga tarawa. A tarawa, duk lokacin da tsinke ya cika goma a ɗaure shi ya koma wajen ɗaurarru. A ɗebewa, misali 52 a cire 27, zai ga tsinke biyu ba za su ba da bakwai ba, sai ya kwance ɗauri ɗaya su zama sha biyu, ya cire bakwai, saura biyar, ɗauri huɗu a cire biyu, saura biyu: 25. Wannan kwancewar ita ce "aro" da ake faɗa a aji wanda yara da yawa suke yi ba su san daga ina aka aro ba. Sai ya yi da hannu sau da yawa sannan a rubuta a takarda.

Lissafin sau kuma gona ta riga ta koyar da shi: layi shida, kowane layi rami takwas, rami nawa ke nan? A haƙa su a ƙasa a zuba 'ya'yan tsamiya ya ƙirga. Rabawa a yi ta da ƙuli-ƙuli ko dabino tsakanin 'yan gida. A buɗe ɗan kanti na wasa da kuɗin takarda da aka yanka, ɗaya ya saya ɗaya ya ba da canji. Yarinyar da ta taɓa talla takan fi kowa sauri a nan, a nuna mata cewa abin da take yi da ka shi ne ake rubutawa. 'Yan aji shida da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, masu jarrabawa a gaba, su bi tsofaffin littattafansu darasi ɗaya a rana, su rubuta abin da ya shige musu duhu, a kira malaminsu a waya sau ɗaya a mako a tambaya gaba ɗaya.

Rediyo da waya

A lokacin korona an sa darussa a gidajen rediyo a Kano da Jigawa. In aka sake yin haka, a tambayi hedimasta tasha da lokaci. Kunna rediyo yaro yana yawo ba karatu ba ne. A zaunar da shi minti biyar kafin a fara, da abin rubutu a hannu, babba yana kusa yana maimaita umarnin malamin rediyo, don shi ba ya jira kuma ba ya ganin wanda aka bari a baya. Bayan an gama a tambaye shi abu biyu da ya ji. A ajiye batir ko cajin sola don wannan lokacin. In akwai babbar waya, a ɗauki muryar darasin a sake saurara, kuma wayar ta koma hannun mai ita da an gama. Saƙonnin WhatsApp masu cewa a sha kaza ko a guji allura kada a karanta su gaban yara, a kai tambayar asibiti. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana da lambar kira kyauta, 6232.

Abin da ke cikin ran yaro

Yara suna jin komai. Suna jin sanarwar rasuwa, suna ganin an ɗauki maƙwabci a bayan babur, suna jin manya suna ƙus-ƙus. Da wuya yaro ya ce "ina jin tsoro". Sai dai a ga wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko yana firgita cikin barci, ko ya maƙale wa uwa, ko ya rage ci, ko faɗa ya yi masa yawa. In aka doke shi a kan waɗannan sai su ƙaru. A zaunar da shi a fara da tambaya, "Me ka ji ana cewa game da ciwon nan?" Amsarsa za ta nuna ƙaryar da ya kwaso. Sannan a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: in kwalara ce, a ce ciwo ne da ke shiga ta ruwa mara tsabta, yana da magani, shi ya sa muke tafasa ruwa. A ba shi aiki a ciki, kamar cika galan ɗin wanke hannu ko tuna wa ƙannensa sabulu, don yaron da ke da abin yi tsoronsa yana raguwa.

A daina tsorata yara da allura. Uwar da ke cewa "in ba ka yi shiru ba zan kira mai allura" ita ce za ta sha wuya ranar da masu rigakafi suka zo. In an yi rasuwa a gida kada a ce wa yaro mamacin ya yi tafiya, zai yi ta jiran dawowarsa, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da maganar manya. A ce Allah ya karɓi abinsa, a koya masa addu'ar da zai riƙa yi masa, a bar shi ya yi kuka, a kuma tabbatar masa ba laifinsa ba ne, don ƙananan yara sukan ɗauka wani abin da suka yi ne ya jawo. A hana yara yi wa gidan da cuta ta shiga waƙa ko laƙabi. Tsangwama ce ke sa mutane ɓoye mara lafiya har ya yaɗa.

Jiki yana son motsi, aƙalla awa ɗaya a yini ga ɗan makaranta. Langa, tsallen igiya, 'yar gala-gala da gaɗa duk suna yiwuwa a tsakar gida tsakanin 'yan gida, carafke da dara kuma don lokacin zafin rana. Barci awa tara zuwa sha biyu, cikin gidan sauro. Da daddare a raya "gatanan gatananku" da kacici-kacici. Kuma a lura da talla: lokacin annoba yarinya mai yawo da faranti gida-gida tana cikin hatsari biyu, na cuta da na barin karatu. In dole sai an sayar, a sayar daga ƙofar gida, babba ya tsaya a kai.

Hannu, ruwa da ciki

Buta ɗaya da kowa ke kamawa da hannu mai datti ba ta wadatar ba. A samu galan mai lita biyar, a ɗora ƙusa a wuta a huda ƙaramin rami kusa da wuyansa, ta gefen da ba mariƙi. A kafa gwafa biyu, a gicciya sanda ta cikin mariƙin galan ɗin. A ɗaura igiya a wuyansa, ɗaya ƙarshen a ɗaure da wata sanda da ke kwance a ƙasa. In aka taka sandar galan ya karkata ruwa ya tsiyayo, ba wanda ya taɓa shi. A rataye sabulu da zare a kife masa gwangwani saboda awaki, a zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya yi caɓi. Ɗaya a bakin masai, ɗaya kusa da madafi. A cuɗa hannu da sabulu daƙiƙa ashirin, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, bayan fitowa daga masai, bayan wanke wa jariri, kafin girki, kafin ci. In babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla. Wanke hannu a kwano ɗaya kafin cin tuwo a daina shi, na ƙarshe da dattin kowa yake wankewa.

Ruwan sha a tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya, ko a sa maganin kulorin yadda takardarsa ta ce, a jira minti talatin. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Don haka ruwan rafi ko na kududdufi a kwantar da shi, a tace, sannan a tafasa ko a sa magani. Wannan ya fi shafar garuruwan da ambaliya ke ci, irin na yankin Haɗejiya da Auyo da Ringim, inda ruwa kan shafe masai ya shiga rijiya. A rufe randa, moɗar ɗiba ta zama mai dogon hannu, kuma ba da ita ake sha ba. Kashin yara a zuba shi a masai, yana ɗauke da cuta kamar na manya.

In gudawa ta kama yaro a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Ƙullin da ake bayarwa a asibiti a juye shi duka a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. In babu, a haɗa sukari cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokalin shayi a lita ɗaya. A shafe, ba a tule ba: gishiri in ya yi yawa yana cutarwa, kada ɗanɗanonsa ya wuce na hawaye. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, yaron da ya kai shekara biyu zuwa sama rabin kofi zuwa kofi guda, da kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A karɓo ƙwayar zink, guda ɗaya mai miligiram 20 a rana har kwana goma zuwa sha huɗu, rabi ga wanda bai kai wata shida ba, kuma a cika kwanakin ko gudawar ta tsaya. Kada a daina ba da nono ko abinci. In gudawar kamar ruwan shinkafa take, a kama hanyar asibiti ana ba shi ruwan a hanya, kwalara tana iya kashewa cikin sa'o'i.

Akwai alamun da ba a kwana da su: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, jijjiga, barcin da ba ya farkawa sosai, ido ya faɗa, ƙirji yana lotsawa in ya ja numfashi. A ƙirga numfashinsa minti ɗaya yana kwance shiru, 50 ko fiye ga ɗan wata biyu zuwa sha ɗaya, 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ya yi sauri. Zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, sanƙarau ake zargi. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani fari-fari mai toka-toka a maƙoshi, mashaƙo ake zargi, kuma kada a kai shi wajen wanzami a ce beli ne, kada a kankare, jini zai ɓalle kuma lokaci yana tafiya. Mai ƙyanda kada a ɗiga masa komai a ido, a kai shi a ba shi bitamin A, kada kuma a ba shi asfirin. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.

Mara lafiyar da aka ce a yi jinyarsa a gida ya samu ɗakinsa ko gefensa, da kofinsa da kwanonsa, taga a buɗe, mutum ɗaya ke kula da shi. Karatu ya dakata masa har ya fara ci da wasa, sannan a dawo da minti goma. Mai farfaɗowa yana bukatar ƙarin ci ɗaya a rana na mako biyu: kunun gyaɗa mai kauri, wake, ƙwai, awara, zogale a miya, fura da nonon da aka tafasa. In hannunsa ya tsotse ko ƙafafunsa sun kumbura a kai a auna damtsensa, tamowa takan biyo bayan ƙyanda da gudawa.

Ranar da aka buɗe makaranta a kai kowane yaro a ranar farko, mata da maza, kada a ce sai an gama girbi ko sai an ɗinka sabon yunifom. Wanda ya koyar a gida ya rubuta wa malamin aji layi biyu: inda yaron ya fara, da inda ya tsaya a karatu da lissafi. Zaman bayan la'asar kuma a ci gaba da shi ko da minti goma sha biyar ne, har zangon karatun ya ƙare. In akwai yaron da aka ga bai koma ba bayan mako guda, a sanar da hedimasta da mai unguwa su je gidansu.